Sharuɗɗan Doña Eulogia

Ni direba ne a Oruro.
Shekara goma sha tara ina jan mota ɗaya
daga bakin kasuwa zuwa ƙofar kurkuku.
Na san fasinjojina da tarinsu,
na san mai biya, na san mai kau da kai.

Kowace Alhamis, tun sanyi bai saki ƙarfen ƙofa ba,
Eulogia Quisbert takan hau,
hularta a ka kamar an kifa ƙaramar ƙwarya,
mayafin ulu a kafaɗa, tukunya a cinya
an naɗe da tsumma uku kada zafin ya tsere.
Miyar busasshen dankali ce,
da ɗan ƙashin rago in watan ya zo da sauƙi.
Kafin mu kai layin dogo ƙamshin ya isa kujerar baya.

Ɗanta Fermín ne a ciki.
Labarinsa ba ɓoyayye ba ne a garin nan:
ya sayar da keken ɗinkinta,
ya sayar da filin da ubansa ya bari,
ranar da ta tare ƙofa da jikinta
ya hankaɗe ta, ƙugu ya karye a kan dakali.
Shi ya sa take hawa motata a karkace.
Laifin da ya kai shi gidan yari wani ne daban.
Wannan ba ta kai ƙara ba.

Matata ta ce wauta ce.
Fada a coci ya ɗaga ta misali,
wai ga ƙauna marar sharaɗi, ku duba ku koya.
Ni dai ta madubi nake kallonta.

Wata rana taya ta fashe mana a fili,
iska tana yankan kunne, duwatsun ma'adinai sun zuba mana ido.
Ina durƙushe da jak ta tsaya a kaina,
sai bakina ya riga hankalina:
Doña, yaya ake son mutum haka, ba don komai ba?

Ta yi dariya, dasashi a waje.
Wa ya ce maka ba don komai ba?
Sharuɗɗana sun fi na banki.
Ina so ya ce ya yi kuskure. Bai ce ba.
Ina so ya tambayi ƙuguna ko sau ɗaya. Bai tambaya ba.
Akwai Larabar da nake yanka albasa
ina zaginsa har wuƙar ta gaji,
in rantse gobe babu inda za ni,
in kwanta da rantsuwata a ƙarƙashin kai.
Da asuba sai in tarar hannuna ya riga ni hura wuta.

Na ce, to wannan mene ne sunansa?
Ta ce, ɗaura tayarka, miya tana hucewa.

Daren nan na daɗe a mota bayan na kashe inji.
Ina da 'ya, Zenaida, a can Cochabamba.
Na ce kada ta sake taka gidana sai ta nemi gafara,
kan wata magana da yanzu rabinta ya ɓace mini.
An ce hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar.
Ni a kan ƙurji na yanke nawa.
Lambarta tana wayata, shekara huɗu ke nan.
Ban kira ba. Ba zan yi muku ƙarya ba.
Na dai duba ta har hasken wayar ya mutu.

Makon jiya Doña ta fito da tukunyar a cike.
Ya ƙi fitowa, ta ce, ba ta ƙara ba.
Ta zauna, tsummokaran uku suna nan yadda ta ɗaure su.
Babu wanda ya yi tari har muka tsallake layin dogo.

Da za ta sauka na ce, Alhamis fa?
Ta ce, na gama, wannan karon na gama.
Ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ta jira ƙugun ya yarda,
sannan, ba tare da ta waiwayo ba:
Ka dai tsaya inda ka saba.
In ban fito ba, ka danna oda sau biyu.